Kwalin da Ya Tsiro

Da gefen wani tsohon rawani Malam Sa'adu yake goge su. Yakan ɗora faifan a kan yatsu, ya hura masa iska kaɗan, ya bi zanensa da ƙyallen a hankali kamar mai shafa kan jariri, sannan ya mayar da shi cikin rigarsa ta takarda ya ɗauko na gaba. Haka yake yi kowace safiya, tsakanin dawowa daga masallaci da isowar kunu. In kunun ya iso bai gama ba, kunun ne ke jira.

"Malam, ya huce hwa," in ji matarsa Kaltume daga bakin ƙofa.

"Bari shi huce. Waɗanga sun girme shi."

Manomin albasa ne a Magarya, cikin ƙasar Wurno, dogo, mai ɗan rusunawa irin na wanda ya daɗe yana hira da ƙasa. Da rani yana fadama, da damina yana gonar gero. Amma in baƙo ya tambayi gidansa da sunan noma, sai a ce masa wane Sa'adu, domin suna da yawa. In ya ce mai garmaho, ko makaho zai nuna masa ƙofa.

Fayafayan garmaho yake tarawa, baƙaƙen nan masu nauyi da ke fashewa in sun faɗi. Ba da niyyar tari ya fara ba. Mahaifinsa Yusufu makaɗin noma ne, wanda ake ɗauka da gangarsa zuwa gayya tun daga Wurno har Goronyo. Sau ɗaya a rayuwarsa wasu baƙi masu na'ura suka zaunar da shi a inuwar rumfa suka ɗauki muryarsa, aka buga 'yan fayafayai, suka watse cikin duniya. Yusufu ya rasu Sa'adu bai yi gemu ba. Gangar ta tsage, kuma muryar ba ta bi jini ba. Kaltume takan ce in Malam ya rera waƙa, awaki kan tashi su canza inuwa. Sai ya shiga neman faifan nan. Duk inda ya ji labarin tsohon garmaho sai ya je, kuma kunya ba ta barinsa ya dawo bai ɗauki komai ba. Da haka ɗaki ya cika da muryoyin mutanen da bai sani ba.

A garin Rara ya sami faifan baban nasa, lokacin gashin kansa ya riga ya fara fari. Wani tela ne ya rataye shi a ƙusa saman kekensa don ado. Waƙar gajera ce. Ganga na tafiya kamar sawun mutum a kan kunyar gona, muryar tana tashi tana sauka, kuma daf da ƙarshe Yusufu ya yi tari, ya yi 'yar dariya, sannan ya ƙarasa. Wannan tarin Malam Sa'adu yake jira duk lokacin da ya ɗora allura. Waƙar ta jama'a ce, in ji shi, tarin kuwa na gidansu ne.

Neman nan ne ya haɗa shi da gidan waya. Akwai irinsa a wasu garuruwa, tsofaffi masu son tsohon sauti, suna musayar fayafayai ba su taɓa ganin juna ba. Babban amininsa a cikinsu shi ne Malam Iliyasu, wani malamin makaranta da ya yi ritaya a Zariya. Abin da suka gani a wannan musaya ya isa hirar dare da yawa. Wani faifan ya iso yana kacau-kacau cikin kwali kamar tsaba a kwano. Wani aka aiko shi lokacin sanyi, ya iso an gama girbin gero. Wani kuma ya sauka a hannun wani Sa'adun daban a Rabah, mai sayar da goro, wanda ya ɗauro shi a bayan babur ya kawo har gida, ya sha kunu, suka zama abokai. Malam Sa'adu bai taɓa riƙe gidan waya a zuci ba. Yakan ce su ma mutane ne, kuma hanya doguwa ce.

Sai dai bai taɓa ba su faifan babansa ba, sai bana.

Faifan ya fara cinyewa. Kowace juyawa allura tana kankare wani abu daga muryar, shuuu ɗin da ke bayanta yana ƙara ƙarfi kamar ruwan sama a kan kwano. Autarsu Mashkura ta gwada ɗauka da waya, aka saurara, ruwan saman kawai ya fito. Wasu masu sayen tsofaffin kaya sun zo har sau biyu suna lallashinsa ya sayar, ya ba su ruwa ya raka su bakin hanya. Malam Iliyasu ne ya ce yana da na'urar da za ta kwashe muryar ta wanke ta, a zuba wa kowane jika a wayarsa. A kawo faifan kawai. To damina ta faɗi, ga shuka, ga gwiwa tana ciwo, hanya kuma ba kullum take da daɗi ba a 'yan shekarun nan. Sai Malam Sa'adu ya ce zai aika ta gidan waya.

Ya naɗe faifan cikin tsohon zanen Kaltume, ya sa shi tsakanin katako biyu, ya ɗaure da igiyar kaba, ya kwantar da shi a tsakiyar kwali. Sannan ya nufi rudu, rumbun karan da ake ajiye albasa tun bazara, ya dawo da kwando cike.

"Wagga hwa ta mi ce?" Kaltume ta tambaya.

"Tsaraba."

"Cikin kwali guda da Baba?"

"Kaltume, kin taɓa ganin saƙo ya hita gidanga babu albasa? Mutum zai yi man aiki irin wanga, in aika mai da katako ƙwal? Shi ce mutanen Wurno sun talauce?"

"Damina ta, Malam. Albasa na jin ruwa ko tana cikin akwati."

"Kwana nawa za ta yi? Kuma ki duba, ɓarawo in ya shinshina yaj ji albasa, wucewa zai yi."

Ya zaɓi manya-manya, jajaye, masu sheƙi, ya cusa su kewaye da katakon har kwalin ya yi ciki. Mashkura ta rubuta suna da gari a farar takarda, aka manna a sama. A gidan waya akawu ya ɗaga kwalin ya tambayi abin da ke ciki. Malam Sa'adu ya ce albasa ce, da ɗan wani abu. Akawun ya yi dariya, ya ce duk albasar da ke Zariya ba ta ishe su ba ke nan.

Gero ya tsiro, aka yi noman fari. Malam Iliyasu ya bugo waya ya ce bai ga komai ba. Aka yi maimai, gero ya kai gwiwa, ya sake bugowa. Akawu ya duba ya ce kwalin ya tashi daga wurinsu tuntuni. Can kuma suka ce bai iso ba. Malam Sa'adu ya ci gaba da goge fayafayansa da safe, amma in ya zo wurin da na babansa yake zama, sai hannunsa ya tsaya a kan gurbin. Ya daina wana garmahon gaba ɗaya. Kaltume ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta dai riƙa yin miya ba albasa, shi ma bai tambaya ba.

Ranar da gero ya fara fitar da kai, ya sa babbar riga ya shiga mota zuwa birni, inda aka ce akwai babban ɗakin da saƙonni ke kwana kafin su rabu. Mai kula da ɗakin wata mace ce mai tabarau, Malama Laraba. Ta ba shi kujera, ta saurare shi har ƙarshe.

"Baba, mi ke cikin kwalin naka?"

"Babana na ciki, ɗiyata."

Ta sauke tabarau ta dube shi.

"Muryarshi nika nuhi. Da albasa."

"Albasa," ta maimaita. Sai ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. "Taso, Baba. Ina jin mun daɗe muna cin arzikinka."

Ta bi da shi ta tsakanin buhuna da kwalaye har ƙarshen ɗakin. Can kusa da taga, kwali ɗaya yana zaune shi kaɗai, kuma ya yi gashi. Korayen ganye sun huda ta kowace kusurwa, sun tsaga bakin da aka liƙe, sun miƙe suna leƙen haske kamar ɗan lambun da aka manta. Wasu an yanke su, sun sake tohowa. A saman kwalin, inda Mashkura ta manna takarda, babu komai sai wani jiƙaƙƙen tabo ruwan ƙasa. Albasa biyu ko uku sun ruɓe a hanya, ruwansu ya taso ya cinye sunan Malam Iliyasu da Zariya da Magarya baki ɗaya.

"Ba mu san inda za shi ba, ba mu san inda ya hito ba," in ji Malama Laraba. "Wari ya hana mu zama, munka matsar da shi bakin taga. Da ya tsiro, mai gadinmu ya fara yanka yana sa wa kwaɗonshi. Ya ce bai taɓa cin lawashi mai daɗin wanga ba."

"Ta Magarya ce," Malam Sa'adu ya ce, kafin ya tuna abin da ya kawo shi. Ya dubi tagar. "Rana na shigowa nan?"

"Da hantsi, kaɗan."

Ya san abin da rana ke yi wa faifai: takan lanƙwasa shi kamar ganyen da ya bushe, allura ta riƙa hawa da sauka ba ta samun hanya. Malama Laraba ta miƙo masa wuƙa don ya buɗe kwalin. Ya girgiza kai. Ya ce in labari mai daɗi ne, na gida ne, in marar daɗi ne ma na gida ne. Ya yi mata godiya, ya ce a gaida mai gadi, ya rungumi kwalin. A mota aka yi ta tambayarsa ko sabon salon dashe ne, wata tsohuwa ma ta roƙi ganye biyu ya tsinka mata.

La'asar ta yi sanyi ya iso gida. Ya ajiye kwalin a tsakar ɗaki, Kaltume da Mashkura suka tsaya a kansa.

"Sannu da noma, Malam," in ji Kaltume. "Bana har gidan waya ka yi gona."

Ya fitar da albasar ɗaya bayan ɗaya, saiwoyinsu sun sarƙe da igiyar kaba kamar yatsu. Zanen ya jiƙe, ya yi baƙi a gefe. Ya kwance katakon. Faifan yana kwance, takardar tsakiyarsa ta yi tabo, sunan Yusufu ya dushe rabi. Ya ɗaga shi daidai ido ya duba gefensa ta hasken ƙofa, ya juya, ya sake dubawa. A miƙe yake. Ganyen da ya rufe kwalin da damshin da ke ciki sun tare masa rana.

Ya goge shi da gefen rawani, ya daɗe yana gogewa. Ya sa sabuwar allura, ya wana garmahon. Shuuu ɗin nan ya fara, kamar ruwan sama a kan kwano, sannan ganga ta taso daga ƙarƙashinsa, sannan muryar. Babu wanda ya motsa. Daf da ƙarshe Yusufu ya yi tarinsa, ya yi 'yar dariyarsa.

"Warin albasa na ya shaƙe shi," in ji Kaltume, tana share ido da bakin zane.

Malam Sa'adu ya yi dariya har ya dafe gwiwa mai ciwon. Ya ɗage allurar, bai sake ɗorawa ba, don kada ya ƙara cin abin da ya rage.

Washegari kunu bai jira shi ba, shi ya jira kunu. Ya naɗe faifan cikin busasshen zane, ya mayar da shi tsakanin katako, ya zura cikin jakar fata ya rataya a wuya, ƙarƙashin riga. Mashkura ta riga ta buga wa Malam Iliyasu waya ta ce ya share ɗakin baƙi.

"Gwiwar hwa?" Kaltume ta tambaya.

"Tare za mu. Ita ma ba ta taɓa ganin Zariya ba."

Ya sa takalmi, ya ɗauki sanda, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya yana waige-waige kamar wanda ya manta hula. Kaltume ta san abin da yake nema. Ta jawo wani ɗan buhu daga bayan ƙofa, wanda ta ɗaure tun asuba, ta miƙa masa.

"Ga ta. Na zaɓi busassu. In ka kusantar da ita ga Baba, kada ka dawo man gida."

Ya karɓi buhun da hannun hagu, ya miƙar da hannun can nesa da jikinsa, ya dafe ƙirji da na dama har da sandar. A haka, a karkace, ya sunkuya ya fita daga ɗakin.