Ƙwaryar Tsakiyar Tebur

Taubashina, ɗan gwaggona, shi ya fara ajiye teburin cin abinci a duk danginmu. Yana da manyan motoci masu ƙetare iyaka zuwa Maraɗi, kuma duk washegarin Babbar Sallah yakan tara abokan cinikinsa na can su ci nama a falonsa. Ni kuwa sana'ata rubutu. Kafin waya ta cika gari ina rubuta wa direbobi wasiƙa da ajami a bakin tasha, har yanzu kuma ni nake yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyanar allo.

Wata shekara, saura kwana huɗu Sallah, ya same ni a zaure.

"Malam na tawada," in ji shi, "tsakiyar teburina fayau take. Ka yi mani wani abu in ɗora. Amma don Allah kada ya yi kama da na matsiyata."

Na yi dariya, don tsakanin taubasai irin wannan magana ba zagi ba ce. Na samo ƙwarya mai faɗi wajen wata tsohuwa 'yar ƙauyen Daddara, na goge bayanta da yashi. Na dama tawada da ƙaro, ja na jiƙa karan dafi, rawaya kuma gangamau. Kwana uku ina zana mata irin zanen da nake yi wa allo, sai dai ban sa aya ko sunan Allah ba, tunda cikin maiƙo za ta zauna. Na kafa zangarniyar gero bakwai a dunƙulen yumɓu a tsakiya, na rufe yumɓun da dabino da goruba da jar magarya.

Ranar cin nama ina zaune a ƙarshen tebur sai wani baƙo ya shafa ƙwaryar ya ce, "Alhaji, wanga abu daga ina?"

"Agadas," in ji taubashina, ko ido bai ƙifta ba. "Kado ne, wato kyauta, wani Buzu ya kawo mani. Nan Jibiya wa zai iya? Ga malaminmu can, ban da lasar tawada ba abin da ya sani."

Aka kwashe da dariya. Gwaggo tana jin su daga tsakar gida. Matata ma tana can tana raba miya, ita da ta ga yadda bayana ya ƙage a kan ƙwaryar nan. Na haɗiye naman da ke bakina kamar tsakuwa.

Na so in manta. Na yi ta roƙon Allah ya cire mani abin a rai, bai fita ba. Azumi ya zo ya wuce, yana nan. Duk lokacin da motarsa ta gifta ta gaban zaurena ya danna mani hon, sai in ji Agadas ɗin nan a kunnena.

Da Sallah ta zagayo ya sake zuwa, wai a yi wadda ta fi ta bara. Na ce to. Wannan karon kwana shida na ɗauka. Na bi bakin ƙwaryar da rubutun ajami siriri, na saƙa shi cikin zane yadda wanda bai yi allo da kyau ba zai ɗauka ado ne kawai. Na san taubashina tun muna yara yake gudun makaranta. Na kuma san cikin baƙinsa akwai wani dattijo Bamaraɗe, mai fataucin wake, wanda ba ya ganin rubutu ya wuce. Na yi wa kaina sharaɗi ɗaya: in ya faɗi gaskiya, zan juya ƙwaryar in ɗauke hankalin dattijon, magana ta mutu.

Aka zauna. Aka yaba ƙwarya. Na sunkuyar da kai ina jira.

"Buzun nan nawa ne dai," in ji taubashina. "Bana ma ya aiko."

Na miƙa hannu kamar zan ɗauki dabino, na tura ƙwaryar gaban dattijon. Ya gyara tabarau, ya kai fuska kusa, ya fara juya ta a hankali yana karantawa da ƙarfi, da irin muryar da ake biya karatu:

"Wannan ƙwarya 'yar Daddara ce. Ɗan kawun mai gidan nan ya zana ta a Jibiya. Ta bara ma shi ya yi. Ba wadda ta taɓa ganin Agadas."

Sai wani direba ya ƙware da romo, daga nan dariya ta ɓalle, har wani yana buga tebur.

"Alhaji," in ji dattijon, "Buzun naka Hausa tai ta yi kyau ƙwarai. Ina ɗan kawun?"

Na ɗaga hannu. Ya taso da kansa ya ba ni hannu, ya ce rabonsa da ganin alƙalami mai tsabta haka tun na malaminsa. Taubashina yana ta goge zufa da hularsa, yana cewa, "Wasa ne, ai taubashina ne, wasa muke." Ba wanda ya saurare shi. Na dube shi sosai, ban kawar da ido ba sai da ya kawar da nasa.

Gwaggo ta aiko a kira ni. Na same ta a gindin murhu, ta ɗaure fuska.

"Kai da kake malami? A gaban baƙinsa? Da ka yafe masa."

"Gwaggo, shekara guda na ba shi."

"To yanzu sai ka yafe."

"Zan yafe, in sha Allahu," na ce. "Amma ba yau ba. A ƙara mani hanta."

Ta harare ni, ta ɗebo hantar ta zuba mani. Na koma falo na ja kujera kusa da dattijon, na ci a hankali, ina amsa tambayoyinsa kan yadda ake jiƙa karan dafi.