Shatin Yatsu a Damtsen Baba

Shagon Tela ɗan tsukut ne, a matse tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da batira, kuma duk wanda zai shiga sai ya sunkuya saboda yadukan da ke rataye a kan igiya. Keke ɗaya gare ta, tsohon baƙi na takawa da ƙafa, sai teburin yanka da almakashin da ko 'yar cikinta ba ta ba aro. A bayan shagon akwai ɗaki guda, nan take kwana tun da mijinta ya rasu, 'yarta kuma ta yi aure ta bi miji wani gari. Sunanta na ainihi ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Har mahaifinta Tela yake ce mata.

Ba za a yi mata ƙaryar fara'a ba, mace ce mai ɗaurarriyar fuska da gajeren haƙuri. Amma ba ta taɓa ɓata wa mutum yadi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masu kawo ɗinki bakinsu ba ya zuwa ɗaya. Uwa ta zo da safe ta ce rigar yarinya ta sauka har idon sawu, uba ya biyo da yamma ya ce ina, ta tsaya a ƙwauri kar ta kwashi ƙasa. Wani telan zai ture yadin gefe ya ce sai sun je sun daidaita. Wani ya bi maganar wanda ya zo ƙarshe. Ita kuwa sai ta ɗinke duk inda suka yarda da juna, wuya da kafaɗa da hannu, inda suka saɓa kuma ta naɗe yadin ta ciki ta kama shi da zare sama-sama, ba ta kai almakashi wurin ba. Ran da aka tsai da magana, zare ɗaya za ta ja. Tsohuwar da ta koya mata keke ce ta dasa mata wannan ɗabi'a, da ranƙwashi.

Su uku mahaifinsu ya haifa. Akwai Yaya Babba, mai aikin ofis a wani gari, wanda ke kira a waya ƙarshen mako ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. Sai Tela. Sai Auta, mai gyaran firji, wanda bai yi aure ba, yana zaune da Baba a tsohon gidansu tun bayan rasuwar Inna.

Baba direban babbar mota ne a zamaninsa, ƙaton mutum mai muryar da ake ji daga bakin titi. Tsufa ya fara cinye masa ƙafa, sannan ya hau kansa. Sai ya ce bai ci komai ba tun jiya alhali ga kwanon a gabansa. Ya ce Inna ta tafi kasuwa yanzun nan, an jima ya yi kukan rasuwarta. Yaya Babba ya huta da kansa tun da wuri: ya ce mutumin da ke cewa ya ci kuma bai ci ba, ai babu sauran maganarsa da za a kama, a bar shi ya yi ta faɗa kamar rediyo. Tela ta ji haushin wannan magana har cikin ranta. Ita a wurinta duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne har sai ya yi karo da wani abin, in ya yi karo kuma waɗannan biyun kaɗai za ta ajiye gefe, ba ta zubar da sauran ba. Da Baba ya ce takalminsa yana cizonsa, Yaya Babba dariya ya yi a waya. Tela ta zura hannu ta samu ƙusa ta ɓullo ta ciki. Da ya ce akwai wani a ƙarƙashin gado, ta durƙusa ta leƙa, ta tarar da kyanwar maƙwabta ta haihu a wurin.

Amma duk wannan na mai zuwa ziyara ne. Nauyin yana kan Auta. Ya rufe shagonsa a hankali, yau rabin yini, gobe gaba ɗaya, har masu firji suka daina nemansa. Shi ne wanka, shi ne aski, shi ne yanke farce, shi ne wankin zanin gado idan Baba ya ɓata shi, kuma kusan kullum sai ya ɓata. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Tela takan zo da rana da kwanon abinci, ta tarar da shi yana shafa wa tsohon mai a ƙafa, yana tsokanarsa wai direba ya tashi lodi ya cika. Baba kan kama hannunsa ya nuna mata ya ce duk duniya babu mai hannu mai taushi irin na yaron nan.

Wata rana Auta ya fita sayen sabulu. Baba ya jawo gefen mayafinta, ya rage murya.

"Tela, yaron nan yana dukana."

Ta tambaye shi wane yaro, ya ce Auta mana, wa kuma. Kafin ta sake buɗe baki Auta ya dawo, fuskar Baba ta washe, ya miƙa masa hannu biyu kamar jariri.

Ta koma shago ta zauna a kan keke ba ta taka ba. Maganganu biyu ne, daga baki ɗaya, kuma sun yi karo. Ta yi abin da ta saba: ta ajiye su gefe su biyun, ta ci gaba da yarda da sauran. Sai dai wannan ajiyar ba ta zauna lafiya ba. Idan Baba gaskiya ya faɗa, kowace rana da ta yi shiru rana ce da ta bar shi a hannun mai dukansa. Idan kuwa ruɗin tsufa ne, ta ina za ta kalli ƙanen da ya kashe rayuwarsa a kan tsohon nan ta tambaye shi irin wannan tambaya? Ta daina jin daɗin abinci. Ta ɗinka wa wata mata hannun riga a juye, abin da rabonta da shi tun tana koyo.

Ta fara zuwa a lokutan da ba a sa ranta ba. Ba ta kama komai ba sai Auta da bokitin wanki. Amma ranar da ta ce bari ta canza wa Baba riga da kanta, ta ga damtsensa na hagu: shatin yatsu, baƙi-baƙi a gefe, shuɗi a tsakiya, jere reras, ga na babban yatsa ta ɗaya ɓangaren. Ta tambayi Baba, ya ce faɗuwa ya yi daga kan mota. An jima ya ce Auta ne. Ta tambayi Auta cikin dabara, ya ce jikin tsofaffi ne, bai ko ɗago kai daga wankin ba.

Ta kira Yaya Babba. Ya ce ita matsalarta ke nan, tana sauraron Baba kamar mai karanta labarai. Ya ce in ta kori Auta da wannan zancen banza, ita za ta ɗauki tsohon, don shi dai matarsa ba za ta iya ba.

Bayan kwanaki ta zo ta tarar da leɓen Baba na ƙasa a fashe, ya kumbura, jini ya bushe a gemunsa. Auta ya ce da ƙarfen gado ya bugu. Baba kuwa yana ta kallon bango.

A nan Tela ta ga lissafi ya canza. A da magana ɗaya ce a kan magana ɗaya. Yanzu ga magana, ga damtse, ga leɓe, duk suna nuna wuri guda, a ɗaya gefen kuma babu komai sai yabon tsohon da ba ya tuna ko ya ci abinci. Ta tsaya a tsakar gida, a gaban igiyar shanya, ta faɗa wa ƙanenta abin da ke ranta ba tare da ta tausasa ko kalma ɗaya ba. Ta ce masa azzalumi. Ta ce Baba bai taɓa ɗaga musu hannu ba duk zafinsa, shi ne yau da ƙarfinsa ya ƙare aka samu abin duka. Ta ce yau ɗin nan za ta tafi da shi.

Auta bai musa ba. Ya share hannunsa a jikin wando, ya shiga ɗaki ya haɗa kayan Baba: riguna a ninke, magunguna a leda, robar shimfiɗa, ƙaramin filon da ake sa masa tsakanin gwiwoyi. Shi ya cicciɓe shi ya sa a mota. Baba ya riƙe masa wuyan riga yana tambaya ina za su, sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Cikin makon Auta ya kulle gidan, ya samu aiki a wata ma'aikatar ƙanƙara a can ƙarshen gari, yana kwana a wurin. Bai zo ba, bai kira ba.

Tela ta ba Baba gadonta ta koma tabarma. A kwanakin farko ma ta gane cewa mai kawo kwanon abinci bai san komai ba. Tsohon da ake gani kamar kara, nauyinsa nauyin buhu ne idan ya saki jiki. Yakan ƙi wanka, ya ƙanƙame ƙafar gado, ya zage ta da zagin tasha da ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Ta wanke shi ta sa masa wando mai tsabta, kafin ta zauna a kan keke ya sake ɓatawa. Warin ya ratso labule ya shiga yadukan mutane, masu ɗinki suka fara karɓar kayansu da murmushin da ba za su dawo ba. Bayanta ya riƙe. Kuma kullum, da safe da rana, tambayarsa ɗaya ce: ina Auta, a kira masa Auta, shi kaɗai ya iya masa wanka. Wannan tambaya ta fi wankin ci mata rai. Duk da haka ba ta taɓa ɗaga masa hannu ba. Takan fita bayan shago ta cije leɓe ta yi kukanta ta dawo.

Wata rana da hantsi mai gyaran takalma ya leƙo gaishe da tsoho, kamar yadda ya saba. Tela na tsaye da kofin shayi. Baba ya kama hannun mutumin, ya rage murya, irin ragewar da ta sani.

"Matar nan tana dukana. Duba ka gani."

Ya ja hannun rigarsa sama. Mai takalma ya yi dariyar kunya, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya fice da sauri. Tela ta ajiye kofin. A damtsen Baba akwai sabon shati, shuɗi a tsakiya, jere reras. Na Auta sun daɗe da bajewa. Ta miƙa hannunta na dama a hankali ta ɗora a kai, yadda take kama shi kullum idan za ta ɗaga shi daga kan kujerar wanka. Kowane yatsa ya zauna a gurbinsa.

Ta daɗe a zaune a bakin gadon. Kunya ce ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, da tsoron abin da ta yi wa ɗan'uwanta. Sannan ta ɗauki waya ta fita bayan shago. Ta kira Auta, wayar ta yi ta ƙara har ta fid da rai, sai ya ɗauka. Tana jin rurin injina a bayansa.

"Yaya," ya ce. "Lafiya? Jikin nasa ne?"

"Yana nan." Ta gyara riƙon wayar. "Auta, damtsensa..."

Bai jira ta ƙarasa ba.

"Kar ki riƙa kama shi a damtse. Ki zura hannu ta ƙarƙashin hammatarsa, ki haɗa shi da ƙirjinki sannan ki miƙe. Fatarsa ba ta ɗaukar riƙo. Ni ma sai daga baya na gane."

Babu gori a muryarsa, kuma rashin gorin ya fi mata zafi. Ta ce ya yafe mata. Ta ce ta zalunce shi, ta ɗora masa abin da bai yi ba, ta ce ya dawo don Allah, Baba ba shi da magana sai tasa. Tana magana tana share hanci da gefen mayafi, wani sanyi na sauka a ƙirjinta, domin ko ba komai yanzu ta san matsaya ɗaya: ita ce mai laifi, ƙanenta wankakke ne. Ta ce har leɓen nan ma, ta yarda ƙarfen gado ne, ita ma ta ga yadda yake fizge-fizge.

Injinan suka ci gaba da ruri. Har ta duba wayar ko ta katse.

"Leɓen ni ne, Yaya," ya ce. "Na wanke shi sau uku a ranar, ya tofa min abinci a fuska. Ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Shi ya sa da kika zo ban hana ki ba."

Ta jingina da bango. Daga cikin ɗaki Baba ya ɗaga murya yana kiran Auta ya zo ya tashe shi, kuma ta san ta cikin wayar Auta yana jin sa.

"In zo?" Auta ya tambaya.

Tela ta riƙe wayar a kunne, tana kallon labulen tagar ɗakin.