Amsa daga shagon marigayi mai hoto

Auta ce kaɗai a gidansu ta zaɓi karatun ɗaukar hoto, yayyenta kuwa kullum cikin tsokanarta suke: "Mai kyamara, ɗauke mu muna hamma!" A garin da take karatu ba ta da ƙawa, daga ita sai katifarta a ɗakin haya.

Da malaminsu ya ce kowa ya nemo mai sana'ar ɗaukar hoto ya yi hira da shi, ta duƙufa bincike a waya. Wani ya ce yana wajen biki, wani ya karanta saƙonta ya yi gum, wani kuwa tambayarta ya yi ko tana da aure. Har ta fara cire rai.

Ran nan da hantsi sai ga amsa daga lambar wani tsohon shago: "'Yata, mai hoton ya rasu bara. Ni matarsa ce, amma ki zo."

Auta ta je. Tsohuwar ta buɗe shagon da ƙyar, ƙura ta rufe fitilu da kujerar da ake zaunar da mutane.

"Mama, tambayoyin aiki na zo da su," in ji Auta.

"Ban san amsarsu ba, sai dai na san yadda yake lallashin yaro mai kuka har ya yi dariya."

Suka zauna har la'asar, tsohuwar na ba da labari. Da Auta ta miƙe, sai ta riƙe mata hannu. "Gobe ma kina da tambaya?"

Ba ta da ko ɗaya, amma ta ce, "Da yawa, Mama."