Tambayar da Na Haɗiye Ta Raba Ni da Shagon Mahaifina

Lokacin da abin nan ya same ni, matashin ɗan kasuwa ne ni a Illela, ban daɗe da gadon shagon mahaifina na atamfa da shadda ba. Ina ji da kaina ƙwarai a wancan lokacin. Kafin mai kalkuleta ya gama danne-danne na riga na juya sefa zuwa naira a kaina, don haka gani nake babu wata harkar kuɗi da za ta gagare ni. Shagon nan kuwa shi ne cinmu, shi ne suturarmu, ni da mahaifiyata da ƙannena.

Akwai wata al'ada da na tarar a wurin mahaifina, na kuma ci gaba da ita ido rufe. Abokan hulɗarsa na Ƙonni, can tsallaken iyaka, dattawa masu fataucin shanu da wake, ba su da asusun banki a Nijeriya. In sun sayar wa mutanen kudu kaya, sai su ba da lambar asusun shagonmu a turo kuɗin, ni kuma in ciro in damƙa musu. Ko sisi ba na ci a kai, zumunci ne kawai. Babu rasit, babu rubutu, don a wurinmu ka ce wa dattijo ya sa hannu a takarda kamar ka ce masa ba ka yarda da shi ba ne. Ana haka sai ga takarda daga masu haraji. Duk kuɗin da ya ratsa asusun nan an lissafa shi a matsayin cinikina, an yanka mini haraji a kai. Da na ga adadin sai da na nemi wuri na zauna.

Maƙwabcina a kasuwa, wani mai sayar da takalma, ya ba ni shawara in tafi Sakkwato, ya ce akwai lauyoyin da harkar haraji ce kaɗai aikinsu. Na yi biris da shi. Ai muna da lauya a gida, ɗan malamin da ya karantar da mahaifina. Shi ya tsaya mana wajen rabon gado har aka gama babu wanda ya ɗaga wa wani murya, kuma Yaya nake ce masa tun ina ƙarami. Na tambayi kaina, in na tsallake shi na kai wa bare sirrina, mi mutanen gari za su ce? Na kai masa takardar. Ya daɗe yana juya ta, sannan ya ce in bar masa, kada in damu. Wallahi a wannan zaman tambaya ta zo har bakina, ina so in ji ko ya taɓa yin irin wannan aikin. Na dubi furfurarsa, na tuna mahaifinsa, sai na haɗiye ta na yi godiya na fito.

Daga nan sai zirga-zirgar gaisuwa. In je, mu gaisa, mu yi hirar damina da tsadar kaya, sai na miƙe zan tafi sannan in ce ya batun nan, shi kuma ya ce ana kai. Ashe abin da ya yi shi ne rubuta wasiƙar roƙo, yana bayanin cewa ni ke riƙe da marayu, a sassauta mini. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma ko kalma ɗaya bai rubuta cewa kuɗin ba nawa ba ne. Takarda ta biyu da ta zo ita ta farkar da ni. Wa'adin da doka ta ba ni in ƙalubalanci lissafin ya wuce, an ɗora tara a kai, kuma in ban biya ba za a garƙame shagon.

Sai a lokacin na bi maganar mai takalma, kaina a ƙasa. A Sakkwato na samu wata lauya, mace, wadda ba ta ko tambayi ɗan wane ne ni ba. Takardun banki ta nema, da sunayen masu kuɗin. Ta faɗa mini ladan aikinta a rubuce tun kafin ta fara, ta kuma gaya mini gaskiya mai ɗaci, cewa da na zo tun farko da an rushe lissafin gaba ɗaya, amma yanzu sasantawa kawai ta rage. Ta tura ni Ƙonni in samo shaidar dattawan nan. Abin da ya ba ni haushin kaina, mutanen da nake tsoron nuna wa takarda ko gardama ba su yi ba, suka dangwala hannu, har ɗaya yana yi mini faɗa don mi ban zo tun da wuri ba. Ta yi ƙoƙari, an rage kaso mai yawa. Amma abin da ya saura ya fi ƙarfin jarina, sai da na sa shagon a kasuwa.

Ranar da na miƙa makulli, na koma gida na gaya wa mahaifiyata. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce Allah ya musanya da alheri, ta juya fuskarta gefe. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan kwana biyu Yaya ya zo har gida. Ya zauna, sannan ya ce mini bai taɓa yin aikin haraji ba a rayuwarsa. Ya ce tun ranar da na miƙa masa takardar ya so ya tura ni wurin wani, amma ya ji nauyin ya mayar da ɗan aminin gidansu da ya zo da damuwa, kuma da na tambaye shi da ya faɗa mini. Ni ina jin nauyin tambaya, shi yana jin nauyin faɗa, muna ta gaisuwa har shago ya tafi.

Ban riƙe shi a zuciya ba, don rabin laifin nawa ne, har gobe muna gaisawa. Abin da na koya shi ne mutunci daban, sanin aiki daban, kuma lauyan gado ba shi ne lauyan haraji ba. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, musamman mu na bakin iyaka, in kuɗin wani zai bi ta asusunka, ka rubuta, dattawan ba za su yi fushi ba. In takardar haraji ta zo, ka fara duba kwana nawa aka ba ka. Kuma duk wanda za ka kai wa, ko yayanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ka daure ka tambaye shi ko ya taɓa yin irinta. Ni yanzu a tebur nake kasa atamfa, kuma daga inda nake zaune ina hango wani yana buɗe ƙofar shagon mahaifina kowace safiya.