Dije da Ayarin Malam Bawa

Ku da kuka san Malam Bawa na Kurmin Mashi kun san jan biron nan da ke maƙale a kunnensa na dama. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa ɗaurin aure, har an ce da shi yake wanka, amma wannan ban gani da idona ba. Mutane sun ɗauka tsohon ticha ne kawai da ya kasa rabuwa da kayan aikinsa. Mu da muka zauna a gabansa mun san abin ya wuce nan. Da biron nan yake kashe mutane.

Bayan ya yi ritaya daga koyarwa a firamare, sai ya buɗe aji a ƙofar gidansa bayan la'asar, na irinmu manya da boko ya wuce. Ni kafinta ne, lokacin na haura hamsin, kuma in ban da lambobin da ke jikin tef ɗina na awo babu abin da nake iya karantawa. Na shiga ne don na gaji da miƙa wa mutane takarda ina cewa na manta tabarau a gida, alhali ban taɓa mallakar tabarau ba.

Mun yi wata uku muna fama da baƙaƙe da wasula. Ran nan sai ya fito da tarin tsofaffin kalanda da ya yayyanka ya cika bayansu da rubutu, don Malam bai yarda da sayen takarda ba muddin kalanda tana da baya. Ya ce labari ne ya ƙaga, na wani ayari da yunwa ta koro daga Damagaram, suka nufo Kaduna a ƙafa zamanin da ake shimfiɗa layin dogo. Ya raba mana matafiyan, kowa da nasa. Zai ba ka shafin mutuminka ka je ka yi bita, washegari ka karanta a gaban kowa, ka faɗi ma'anar kalmomin da ya ja wa layi. In ka iya, mutuminka ya ci gaba da tafiya lafiya. In ka kasa, duk abin da ya same shi a hanya kai ka jawo masa.

Ya dube ni ya ce, "Sani, taka Dije ce. Cikin wata biyar gare ta."

Na ce, "Haba Malam! Ƙato da ni, da gemuna, ka ba ni mai ciki?"

"Ita ma da an tambaye ta ba kai za ta zaɓa ba. Ka dai kai ta Kaduna da ranta."

Muka yi ta dariya, mun ɗauka wasa ne. Alhaji Mudi mahauci shi ya fara gane ba wasa ba ne. Nasa mutumin Ɗanbako ne, wani mai tallan kanwa. Alhaji ya tafi biki Zariya ya yi fashin kwana biyu, ya dawo ya zauna yana ta murmushi, ya miƙa hannu a ba shi shafinsa.

Malam ya ce, "Wane shafi? Ai kura ta cinye Ɗanbako a bayan Daura."

"Kura?! Innalillahi! Malam, biki fa na je!"

"Ita ma kurar bikin ta yi."

Wallahi jikinmu ya yi sanyi. Mutumin da muka yi wata guda muna tafe da shi, mai ban dariya, shi ke ɗaukar wa Dije kaya in ta gaji! Washegari Alhaji ya aika da cinyar rago guda gidan Malam, wai ko za a duba lamarin. Malam ya karɓa ya yi godiya, aka yi masa farfesu ya sha. Da muka taru ya miƙa wa Alhaji takarda mai layi ɗaya, Alhaji ya karanta yana in'ina: an tsinci hular Ɗanbako a bakin rami.

"To, Malam, naman fa?"

"Sadaka ce. Allah ya kai ladan kabarinsa. Au, ashe ko kabarin ba shi da shi."

Aka yi wa Alhaji ta'aziyya har da shafa fatiha. Ya roƙi a ba shi wani matafiyin, Malam ya ce mutane sun ƙare, sai jaki ɗaya ya rage. Haka attajirin mahauci, mai shago biyu, ya koma jaki a ayarinmu, kuma bai sake fashi ba ko da ana ruwan sama.

Ana nan sai kalmar mangala ta fito a labarin. Mu 'yan birni, duk ajin aka rasa wanda ya san ta. Malam ya tashi ya shige gida. Sai ga shi yana jan buhu biyu cike da yashi, an ɗinke bakinsu a haɗe.

"Wa ke da jaki?"

Alhaji ya ɗaga hannu a sanyaye.

"Duƙa."

Subhanallahi! Muna kallo ya ratayo masa buhunan a gadon baya, ɗaya ta nan ɗaya ta can, ya ce ya kai su ƙarshen layi ya dawo. Alhaji ya tafi yana nishi, matan da ke sayen nama a wurinsa suna leƙowa ta ƙofa suna salati. Da ya dawo ya zube, Malam ya tambaye shi mece ce mangala.

"Azaba ce, Malam!"

"Ka kusa. Wani ya gyara masa."

Har in mutu ba zan manta kalmar nan ba, kuma ba ni na ɗauka ba.

Nawa laifin ya fi na kowa muni. Shafin Dije ya fara tsawo, ni kuwa kan nan ya tsufa. Sai na yi dabara, na ba maiɗakina ta karanta mini sau biyar na haddace. A aji na zubo shi tiryan-tiryan kamar mai labarai a rediyo, har ana tafa mini. Malam ya gyaɗa kai.

"Ma sha Allah, Sani. To ɗan nuna mini inda aka rubuta salka."

Salka ita ce jakar fata da Dije ke zuba ruwan sha, wannan na sani. Inda take a takardar ne ban sani ba. Na dangwala yatsa a tsakiya ina addu'a.

"Wannan 'kuma' ce." Ya zaro biron daga kunne. A gabana ya rubuta cewa ƙaya ta huda salkar Dije, ruwan ya tsiyaye, kuma tsakaninsu da rijiya tafiyar kwana uku ce.

"Malam, ka ji tsoron Allah! Cikin ya shiga wata takwas fa!"

"Da ka tuna da haka kafin ka ha'ince ta."

Ku yi mini dariya in kun ga dama, amma tuwo ya ƙi shiga bakina. A shago na yanke ƙafar teburin wani ta fi sauran gajarta. Matar da babu ita a duniya, ga ni ina jin ƙishirwarta a maƙogwarona. Sati guda na yi, da na ajiye zarto sai in ɗauki takarda ina bin baƙi ɗaya-ɗaya da yatsa, har na karanta shafin da kaina. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce, "An samu rijiya." Na fashe da kuka a gaban maza goma sha ɗaya, ko kunya ban ji ba.

Ayari ya wuce Kano, ya wuce Zariya. Saura yini ɗaya su shigo Kaduna suka tarar da kogi ya cika ya tumbatsa, Dije kuma naƙuda ta fara taɓa ta. A nan ciwo ya kwantar da Malam. Muka je dubiya, na kasa daurewa na tambaye shi ko za ta haye. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wa ya sani?" Bayan kwana tara ya rasu.

Ranar sadakar uku, 'yarsa Malama Hauwa ta fito ta miƙa wa kowannenmu takarda a ninke da sunansa, ashe a kan gadon ciwo ya rubuta su. Alhaji ya karanta tasa da ƙarfi yana hawaye: jaki ya iso lafiya, an sayar da shi a kasuwa, ya yi daraja. Ni kuwa da na buɗe tawa sai na ga rubutun duk ya karkace. Hauwa ta ce, "Baba Sani, kawo in karanta maka." Har na miƙa, sai na janye. Na koma gefe na zauna a kan dakali na sa yatsa. Layi huɗu ne, amma sai da na jiƙe sharkaf da gumi kafin in kai ƙarshe. Ga abin da ya rubuta:

"Sani, in kai ka karanta wannan da kanka, Dije ta haye, ta haifi 'ya mace, suna nan Kaduna lafiya. In wani ne yake karanta maka, ta nutse, kuma alhakinta na wuyanka."

Na yi dariya har na ƙware, sannan na kifa kai a gwiwa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ya Allah, bawanka Bawa ya isar da mu inda ba mu taɓa zaton za mu kai ba. Shi ma ga shi ya kama tasa hanyar shi kaɗai. Ka gafarta masa, Ka sauƙaƙa masa tafiyar, Ka haye da shi lafiya. Amin.