Inda Aka Binne 'Yar Gwaggo Hulda

Gwaggo Hulda ƙanwar mahaifina ce, kuma duk faɗin gundumarmu a jihar Missouri ta Amurka ban san mace mai taurin kai kamarta ba. Shekara hamsin da bakwai ita kaɗai take yanke ciyawar makabartar Cocin Tudu, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Cocin ma babu shi. An rufe shi a 1964 da jama'a suka watse zuwa gari, wani manomi ya sayi ginin ya ɓamɓare katakon ya yi wa shanunsa rumfa. Abin da ya rage kaburbura ne ɗari biyu da 'yan kai, da shingen waya, da Gwaggo.

Kakannin kakanninmu da suka taso daga Jamus su suka sare dajin tudun nan, kuma tsari suka zo da shi, mai tsanani. Ba a binne miji kusa da matarsa. Wanda ya mutu yau, kusa da wanda ya mutu jiya za a kwantar da shi, ko da sun shekara talatin ba sa ga-maciji. Manya layinsu daban, yara layinsu daban. Akwai layi guda da kwalara ta cika cikin wata biyu. Duwatsun farko duk Jamusanci ne, har zuwa lokacin yaƙin duniya na farko da masu ƙin Jamusawa suka zo suka shafa wa ƙofar cocin fenti rawaya don cin mutunci. Daga nan matattunmu suka koma Turanci.

Gwaggo ta san su ɗaya bayan ɗaya. Takan zo da bokiti da burushi ta goge duwatsun tana yi musu tsiya.

"Kai dai, Gottlieb, da ranka ma ba ka wanka," haka na ji ta ce wa wani dutse wata rana.

Amma ba don Gottlieb take zuwa ba. A ƙarshen layin yara akwai wani ɗan dutse fari da hoton ɗan rago a kansa: Lorena Tiemann, Janairu 1957. 'Yarta ce, kuma ita kaɗai ta taɓa haifa. A gida aka haife ta ranar da dusar ƙanƙara ta toshe hanya, ba ta kai la'asar ba ta koma. Gwaggo kuwa jini ya ɓalle mata, da ƙyar aka kai ta asibiti. Ta yi mako uku a can, ta dawo ta tarar an daɗe da binnewa. Mijinta Alwin ya gaya mata ungozoma ta samu ta yi wa jaririyar baftisma kafin ta cika, kuma da damina ta faɗi shi ya kai ta ya nuna mata dutsen.

Da Alwin ya rasu aka binne shi a sabuwar makabarta a gari, a ƙarƙashin dutse mai faɗi da aka riga aka sassaƙa sunanta a gefen nasa. Gwaggo ta dubi dutsen ta ce, "An yi asarar sassaƙa." Ita kusa da Lorena za ta kwanta, ta faɗa ta nanata har muka gaji da ji. Tun da cocin ya mutu ba mai hana ta, kuma gefen dutsen fili ne.

Tana da shekara tamanin da shida ta buga mini waya.

"Norbert, gobe ka ɗauko mini Delbert."

"Delbert mai haƙa kabari? Gwaggo, lafiya dai?"

"Lafiya lau. So nake a auna wurina ina gani. In na bar muku, a kan titi za ku binne ni."

Delbert Voss ya zo da sandarsa ta ƙarfe mai tsayin mutum. Ƙasar da aka taɓa haƙawa ba ta komawa yadda take. Ko bayan shekara ɗari, in ka danna sanda sai ta shige. So yake ya gano iyakar kabarin jaririyar don kada injinsa na haƙa ya taɓa ta ranar da ranar ta zo.

"Iya, ai ke za ki binne mu duka," in ji shi.

"Kai dai yi aikinka, surutu ba ya haƙa rami."

Ya danna sandar a gaban dutsen. Ta shiga kamar taƙi ɗaya ta tsaya. Ya matsa ya sake dannawa, ya hau kanta da dukkan nauyinsa. Ya gwada dama, ya gwada hagu, ya gwada bayan dutsen. Sai na ga ya bar wasa. Ya je kabarin yaron da ke kusa ya danna, sandar ta zurma har rabi. Ya dawo ya cire hularsa yana juya ta a hannu.

"Iya, nan wurin ba a taɓa haƙa shi ba."

"Me ka ce?"

"Babu kabari a ƙarƙashin dutsen nan. Tun da aka halicci tudun nan shebur bai taɓa shiga nan ba."

Na fara cewa wataƙila dutsen ne ya gusa, wataƙila sandar ce, duk maganar banza. Gwaggo ba ta ko dube ni ba. Dutsen take kallo, bakinta yana motsi ba sauti. Can ta ce, "Kai ni wurin ubanka."

Mahaifina Reinhold yana gidan tsofaffi a gari, shekararsa tamanin da tara, ƙafa ta tafi amma kai garau. Shi ya taya Alwin haƙa kabarin jaririyar, kowa ya san wannan. Muka same shi a ɗakin cin abinci yana karta da wasu tsofaffi biyu.

"A'a, yau 'yar rigima ce da kanta? Wa ya mutu?" in ji Baba.

"Yaya, ina 'yata?"

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Kartar ta faɗi daga hannunsa. Tsofaffin nan biyu suka ja kujerunsu suka ba mu wuri.

"Hulda, zauna."

"Ba zan zauna ba. Ina kuka kai ta?"

"Tana can. Tana tudun. Bayan shinge, ta arewa, gindin bishiyar nan ta kusurwa."

"Bayan shinge."

"Ba a yi mata baftisma ba, Hulda. Ungozoma tana kanki tana tsayar da jini, kafin ta waiga yarinyar ta tafi. Dattawan coci suka ce doka doka ce, tun zamanin kakanni wanda ba a yi wa baftisma ba ba ya shiga ciki. Alwin har durƙusa musu ya yi. Suka ce gawa dai a waje, amma dutse sun yarda a kafa a ciki, don hankalinki ya kwanta."

"Sun yarda," in ji Gwaggo. "Wa da wa ya sani?"

Baba ya shiga tattara kartar da ta zube.

"Yaya, da kai nake."

"Kowa."

"Inna?"

"Inna ce ta kawo shawarar dutsen."

Ni kam a nan raina ya ɓaci, na manta da inda muke. "Baba, shekara sittin da huɗu! Kuna kallonta tana durƙuso a gaban ƙasar banza, ba wanda bakinsa ya buɗe?"

"Da farko mun ce sai ta warke," in ji shi, hawaye na bin kumatunsa. "Daga baya kuma ta yaya za a fara? Kowa yana jira wani ya faɗa, har duk suka mutu suka bar ni da ita."

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ikilisiya guda, mata da maza, sun zauna benci ɗaya da ita, sun ci kek ɗinta a bukukuwa, sun gan ta kowace Lahadi bayan sujada tana ɗauke da furanni zuwa layin yara. Ba mugaye ba ne, na san da yawansu, wasu sun goya ni. Amma sun iya riƙe doka, sun iya riƙe baki, kuma a ganinsu alheri suka yi mata.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta juya ta fita, na bi ta. Muka shiga mota muka koma tudun. Delbert yana nan zaune a bayan motarsa, ya kasa tafiya.

Muka zagaya ta bayan shingen zuwa kusurwar arewa, sai na tsaya cak. Gindin bishiyar nan juji ne. Nan Gwaggo take wurgo duk abin da ta share daga ciki: busasshiyar ciyawa, ruɓaɓɓun furanni, fasassun kwalabe, tsofaffin burusai. Tulin ya kai mini ƙugu. Da hannunta ta tara shi, shekara da shekaru.

Wata ƙara ta fito daga bakinta wadda ban taɓa jin irinta ba. Ta zube a gwiwa ta fara yaye sharar da hannu, kwalba ta yanke ta ba ta ma sani ba. Muka sa hannu ni da Delbert. Da muka kai ƙasa Delbert ya ɗauko sandarsa ya dube ta, ta gyaɗa kai. Ya danna a hankali. Sandar ta shige.

Ta daɗe da tafin hannunta a kan wurin. Sannan ta ce, "Delbert, auna nan, ta hagunta."

"Gwaggo," na ce, "bari in ciro turakun nan in matsar da shingen. Aikin yini ɗaya ne, ku duka ku koma ciki."

Ta ɗago ta dube ni, idanunta jawur.

"Kada ka kuskura ka taɓa musu shinge. Shekara sittin da huɗu 'yata tana waje ita kaɗai. Ba ita za ta shiga wurinsu ba, ni zan fito wurinta."

A watan Maris ta rasu, muka binne ta a wurin, taku uku daga waya. Baba ya roƙa a kawo shi, muka turo shi a keken guragu ta cikin taɓo har bakin ramin. Da fasto ya gama addu'a ya tambaya ko akwai mai magana, Baba ya buɗe baki, muka jira, muka jira. Daga ƙarshe ya ce a mayar da shi mota.