Takalman da Na Ajiye a Bakin Ƙofa

Shekarar da na samu aikin, ba mu daɗe da tarewa a gidan haya a Funtua ba. Ɗaki biyu ne da tsakar gida da bishiyar gwaba guda ɗaya. Maigidana malamin gona ne, a Kafur yake aiki, yakan tafi ranar Litinin sai Alhamis da yamma ya dawo. Ni kuma wata ƙungiya ce a Abuja take turo min muryoyin manoma da aka ɗauka a ƙauyuka, in saurara in rubuta su a kwamfuta, in mayar kafin ƙarshen mako.

Tun ina makarantar kwana nake cin littattafan soyayya, har na sa a raina cewa ranar da na samu aiki zan koma irin matan da ke cikinsu, ofis mai sanyi, labule har ƙasa, kowa sai ya ƙwanƙwasa kafin ya shigo. Sai ga ni zaune a tabarma, kwamfuta a kan 'yar kujerar tsakar gida, ina sauraron wani dattijo yana kukan tsutsar masara, akuyar maƙwabta tana taya shi ta bayan katanga.

Wannan duk da sauƙi. Matan unguwa ne suka fi ƙarfina. Da zarar sun ji babur ɗin maigidan ya tashi sai sallama. Wannan aron rariya, waccan ta zo in duba mata saƙo a waya, wata kuwa ba abin da ya kawo ta sai hira. In na nuna kwamfutar sai maƙwabciyata ta ce, "Ke dai kin huta, aikinki na zaune ne. Ci gaba abinki, ni ba ruwana." Sannan ta miƙe ƙafa ta soma labarin bikin ƙanwarta tun daga ranar sa lalle. Ni baƙuwa ce a unguwar, ban san da wane baki zan ce wa babbar mace ta tashi ba. Sau biyu ina makara da aiki, har matar da ke karɓa ta rubuto min cikin ladabi cewa akwai masu jiran gurbin.

Wata Juma'a maigidan yana ɗaki, na ji maƙwabciyar ta taho da saurinta, ta tsaya cak a bakin ƙofa. "Au, ashe mai gidan yana nan," ta ce da kanta, ta juya. Takalmansa ta gani. Ranar Litinin yana fita na ɗauko baƙaƙen sau-cikinsa na zuwa masallaci, na goge su, na jera a bakin ƙofa, na saki labule, na kashe waya.

Makon farko na yi aiki kamar ba ni ba. Ina jin takun ƙafa ya zo ya tsaya ya koma, ina murmushi ni kaɗai. Amma shirun da na samu ya yi min daɗi fiye da kima. Akwai wani zaure na waya da ake sako labarai shafi-shafi, na kuma haɗa shi da kwamfutar. Nakan ce shafi ɗaya kawai kafin in koma kan dattijon masara. Kafin wata ya cika, takalman suna gadin ƙofa tun safe har azahar, ni kuwa ina can wata duniya inda maza ke rubuta wasiƙa da hawaye. Aikin sai ranar Alhamis nake yin sa a guje, ranaku kuma suka cakuɗe min, ban san Talata daga Laraba ba.

Inna, mahaifiyata, a Gozaki take. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta faɗin sunana, kuma tun da aka ɗaura aurena ba ta taɓa cin abinci a gaban maigidana ba, balle ta shiga ɗakin da yake ciki. A wannan daminar yanar ido ta rufe mata gani har ba ta gane fuska sai murya. Ta gaya min a waya cewa likitocin ido za su zo Funtua, Laraba ce ranarsu ta ƙarshe, ba sa rubuta sunan wanda ba shi da mai riƙe shi zuwa gida, kuma sha biyu suke rufe rajista. Na ce, "Inna, ki zo kawai, za ki same ni a shirye."

Ranar Larabar na jera takalma kamar kullum. Wajen ƙarfe tara na ji sallama can ƙasa-ƙasa, aka sake yi sau ɗaya. Na ɗauka maƙwabciyar ce. Na yi tsit, har numfashi na riƙe, don a lokacin yarinyar labarin tana tsaye a filin jirgi tana jiran ko zai waiwayo.

Kiran sallar azahar ne ya fito da ni. Ina ɗaga labule da buta a hannu na ga Inna a gindin gwaba, zaune a kan turmin da na kife, da sabon zaninta, da ƙullin kaya a cinya. Wata maƙwabciyarta da za ta je barka ce ta sauke ta a ƙofar gida ta wuce.

Ta juyo wajen motsina, ta yi raɗa, "Ya tashi?"

"Wa, Inna?"

"Ƙafata ce ta taɓa takalmansa, na duƙa na shafa. Na ce bari in ƙyale shi, mutumin da ke wuni a rana cikin gonakin mutane. Ba dai ciwo ba ko?"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ji bakina ya yi raɗa shi ma, "Gajiya ce. Barci yake."

Na yafa mayafi, na tare keke mai ƙafa uku, muka tafi. Mun tarar mai rajista yana naɗe tabarmin masu jira. "Hajiya, ai tun sha biyu," ya ce. Na roƙa, ya nuna min motar likitocin ana loda kaya. A hanyar dawowa Inna ta lalubo hannuna ta riƙe. "Kar ki sa wa ranki damuwa," ta ce. "Ya za ki yi, miji kwance? Allah bai nufa yau ba." Na kau da kai ina kallon kwata.

Da muka koma ta ƙi shiga ko da ɗaya ɗakin, ta koma kan turminta. Takalman suna nan inda na bar su. Ina tunanin yadda zan ɗauke su ba tare da ta ji ba, sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. An ɗage taron da za su yi, maigidan ya dawo kwana ɗaya da wuri. Ya yi sallama tun daga zaure da babbar muryarsa, ya shigo da taɓon gona a ƙafa, yana ganin Inna ya durƙusa.

"Inna, sannu da zuwa. Yaushe a gari? Ya mutan gida?"

Inna ta juya fuskarta wajen muryarsa, ta juya wajen ƙofar ɗakin, sannan ta juyo gare ni. Raɗan ya ƙare.

"Ke. To wa ke ciki?"

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Sai a lokacin na gane abin da ya faɗo mata a rai. Na faɗi komai a tsaye, ina haɗa magana da kuka, takalman, matan unguwa, wayar da na kashe. Maigidan ya soma dariya. "Shi ya sa mai shago yake min ya jiki duk Juma'a!" Da ya ji zancen asibiti dariyar ta tsaya, ya sunkuyar da kai, ya ja babur ɗinsa gefe.

Na kama hannun Inna na shigar da ita ɗakin. Ta shafa gadon, ta shafa bayan ƙofa, ƙafarta ta taɓa 'yar kujerar, ta duƙa ta ji ɗumin kwamfutar.

"Wannan ne aikin da ya hana ki amsa sallama?"

Ba ta iya ganin abin da ke rubuce. Da na ce e, da ta yarda. Na ce, "A'a, Inna. Labari nake karantawa."

"Labarin wa?"

"Na wasu ne. Ƙirƙirarsu aka yi, ba su ma a duniya."

"To," ta ce, "suna dai lafiya?"

Sai bayan kaka muka samu kai ta Zariya aka yi mata aikin. Duk wannan kakar a gida ta yi ta. Inna da ba a riga ta shiga gona ranar roron wake, ta zauna a ƙofar ɗaki tana jin mata suna wucewa da kwanduna, tana tambayarsu ko ya yi 'ya'ya bana. Ba ta taɓa tada min maganar ba a watannin nan, ni ma ban iya tada ta ba.

Washegarin abin na amsa sallamar maƙwabciyata, na ce mata ina aiki, ta dawo bayan la'asar. Ta dube ni. "Yo da kin faɗa tun farko mana! Mu muna nan muna ta tausayin bawan Allah, kullum a kwance." Haka kawai. Har yau bayan la'asar take zuwa, kuma har yau nakan buɗe labaran nan, sai dai in na tura aikin ranar.

Yanzu Inna tana gani da ido ɗaya tar, har zare take sa wa allura. Amma duk zuwan da za ta yi, in ta iso bakin ƙofata ta ga takalman maza, takan tsaya ta ɗan taɓa su da ɗan yatsan ƙafa, ta kira ni ba tare da ta ɗaga labulen ba.

"Ke. Da mai su a ciki, ko su kaɗai ne yau ma?"